Man da Kike Shafa Mini da Yamma

Zuwa ga Yaya Kande, a Damagaram.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa tare da ban girma, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan ƙauyenmu na gefen Maigatari lafiya lau. Baba yana sa miki albarka, Gwaggo tana gaishe ki. Ni ce ƙanwarki Delu, da hannuna na rubuta. Zaman da zafin rana ya tilasta mini a zauren da Baba yake koyar da karatu bai tafi a banza ba.

Saƙonki ya iso ta bakin masu raƙuma. Kin ce in bi ayarinsu kafin damina in zo in zauna wurinki, wai babu mai iya kula da fatata sai ke. Wannan kam gaskiya kika faɗa. Amma kafin in ɗaure kaya akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, kuma ba zan ba ɗan aike ita ba.

Ke kika san wahalar rainon zabiya, tunda ke Inna ta bar wa ni ranar da ta cika. Rana kaɗan in ta taɓa ni sai in yi ja, in kwana ina raɗaɗi, daga baya fatar ta bushe ta yi ta saɓulewa. Duk gidanmu an san haka. Duk da haka kowace ranar kasuwa sai kin tafi da ni Maigatari, kin zaunar da ni gefen faifan daddawarki. Kikan ce, “Zo ki taya ni hira, kasuwa babu ɗan'uwa ba daɗi.” Ni kuwa sakarya har rawar jiki nake yi. In na ja zane na rufe kai, sai ki janye ki ce, “Buɗe ki sha iska mana.” Mutane su taru suna kallona, Buzaye da Fulani da matan ƙauye, wasu har su shafa kaina. Kafin azahar daddawa ta ƙare.

Da yamma kuwa, Yaya, ban san wanda aka taɓa yi wa gata irin nawa ba.

Bayan la'asar kikan shimfiɗa tabarma a bayan rumbu inda inuwa ta sauka. Ba kya taɓa ni sai jikina ya huce. Ruwan randa kike ɗiba, ki kaɗa dakakken ganyen magarya a ciki har ya yi kumfa, ki riƙa zuba mini da tafin hannu. Soso bai taɓa hawa jikina ba, sabulun salo ma kin hana, kin ce zafinsa na masu ƙwarin fata ne. Inda ya fi ƙuna, kafaɗu da ƙeya da bakin kunne, ki ɗora kindirmo mai sanyi ki bar shi ya ɗan jima. Sai ki ɗauraye, ki dandanna tsohon zanen Inna a jikina, ba kya gogawa.

Sannan mai. Man shanun da kike karɓa wurin Dada Bafillatana a bakin gero, ki wanke shi cikin ƙwarya, ki zubar da ruwa ki sake, har ƙarninsa ya fita ya yi fari tas. In fatake sun hauro da man kaɗe sai ki haɗa. Kikan narka shi tsakanin tafukanki, ki shafa tun jikina da sauran laima. Kikan ce, “In fata ta bushe, mai a sama yake tsayawa.” Daga ƙeya kike farawa ki gangara baya a hankali, kina tsokanata wai na fi 'yar sarki tsada. Sau da yawa kafin a kira magariba na yi barci a cinyarki.

Ƙarshe ki taje mini kai. Gashin da ya zube ki tsince shi tsaf, har wanda ya maƙale a tabarma, ki dunƙule ki ƙulle a bakin zanenki. Kikan ce, “Bari in binne miki, kada tsuntsu ya ɗauka ya yi sheƙa ki yi ta ciwon kai.” Kowace mace a garin nan haka take yi da gashinta, shi ya sa ban taɓa kawo komai a raina ba.

Da maigidanki ya ɗauke ki kuka ƙetara iyaka zuwa Damagaram, inda Faransa ke mulki, Gwaggo ta gaji aikin. Allah ya saka mata, amma Gwaggo cuɗa ni take yi kamar tana wanke tukunyar tuwo. Man ma ɗanye take lafta mini, in kwana ina faɗa da tururuwa. Na yi kukan rashinki har Baba ya yi mini faɗa.

Ana nan sai wani baduku mai ɗinkin layu ya zo daga Gumel, ya yi sallama da ni a ƙofar zaure. Ya gaishe ni da mutunci, sannan ya ce tunda yayata ta yi nisa, a hannun wa zai riƙa karɓar saƙon? Na ce wane saƙo? Ya ce gashin mana, 'yan kasuwa sun dame shi, layar gashin zabiya ba ta kwana a jakarsa. Da ya ga yadda nake kallonsa sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Ashe ba ki sani ba, baiwar Allah.” Ya ce tun ina ƙarama yake karɓa a hannunki, a bayan rumfar masu kanwa, ni kuma ina can ina tsare miki faifai.

Ban yi kuka a gabansa ba. Na shiga gida na zauna a bayan rumbun nan, na yi ta juya abin. Sai yanzu na gane me ya sa ake janye mini zane a tsakiyar rana. Talla kike yi da kaina, masu saye su gani da idonsu. Ke ce mai kai ni rana, ke ce mai yi mini maganinta. Kin ci amanata, Yaya, kuma kin ci ta a lokacin da na fi sakin jiki, ina kwance a cinyarki idona a rufe.

Na san za ki ce shekarar yunwar nan da me muka ci. Na sani, ban manta ba. To da kin tambaye ni mana. Wallahi da kin ce, “Delu, babu hatsi a rumbu,” da na miƙa miki kan nan kin aske shi duka, ko da Baba zai ce haramun ne. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne kin bar ni ina yi miki godiya kowace yamma.

Ga abin haushin kuma, har yau in inuwa ta sauka sai in ji bayana yana neman hannunki. Na koyi wanke mai, ina shafa duk inda hannuna ya kai, amma tsakiyar baya ta gagare ni, ta tsage tana ciwo. Nakan ce wa kaina mai neman gashi kawai ba za ta tsaya wanke man shanu har ya yi fari ba, ba za ta hura mini kafaɗa in kindirmo ya sa mini raɗaɗi ba. Sai kuma in tuna makiyayi ma yana lallashin saniyar da yake tatsa. Ban san wanne zan riƙe ba, Yayata, ke kaɗai kika sani.

Don haka ba zan bi wannan ayarin ba. Na sa Gwaggo ta aske mini kai ƙwal, tana yi tana salati, kuma duk sanda ya tsiro haka za a yi. Ki gaya wa maigidanki, ki gaya wa duk wanda kika yi wa alkawari a Damagaram, babu sauran abin tsinta a kaina. In har yanzu kina so in zo a haka, ki sake aikowa bayan kaka, ko a ƙafa zan taho. In ban ji daga gare ki ba, na samu amsata, kuma ba zan tona ki wurin Baba ba.

Allah ya kare ki, ya raya miki zuri'a, ya sa kada su ga irin wannan daga hannun da suka yarda da shi. Allah ya yafe wa Inna, ya yafe mana. Ya kuma ba ki cikakken ladan kowace yammar da kika shafa mini mai saboda ni, in akwai.

Wassalam.
Ƙanwarki,
Delu