Yaya Sani, Wannan Karon Na Karanta Takardar

Zuwa ga yayana Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a can ƙasar Larabawa, da gangan na rubuto maka a fili. Mutanen garinmu Daudawa sun riga sun gama zagina, gara su ji dalili.

Ka tuna ranar da Alhaji Mamuda, aminin Baba mai kai mutane aiki waje, ya zo karɓar fasfo ɗinka? Shekarar ce 'yan bindiga suka hana mu taka gonar daji. Ya ce tsaron shago za ka yi. Da ya miƙo takarda sai Baba ya ce, "Haba Alhaji, tsakaninmu har sai an karanta?" Ka dangwala, aka shafa fatiha. Ni na kawo muku fura. Ni da nake koyar da Larabci a Islamiyya, ga takarda da Larabci a kan tabarma, na sunkuyar da kai na wuce. Wai kunya!

Ashe makiyayi aka rubuta a ciki. Shekara uku kana bin tumakin wani inda ko inuwa babu. Da muka ji a rediyo an sauya doka, ma'aikaci zai iya barin ubangidansa ya nemi wani, Inna har guɗa ta yi. Daga baya ka gaya min, ni kaɗai, cewa dokar ba ta shafi makiyaya ba, fasfo ɗinka ma yana hannun mai tumakin.

To, Alhaji ya dawo. Ƙanenmu Basiru yake so, Baba kuma ya riga ya ce ya ba shi. Wannan karon da na ajiye ruwa ban fita ba. Na durƙusa, na ɗauki takardar, na karanta da ƙarfi ina fassarawa. Tuƙin mota aka ce wa Basiru, aikin gona aka rubuta. Alhaji ya ce bai taɓa ganin ɗiya marar ta ido irina ba. Na roƙe shi, cikin ladabi, ya nuna mana izinin hukuma na ɗaukar ma'aikata. Sai ya shiga neman takalminsa.

Yau kwana biyar Baba ba ya amsa gaisuwata. Abin yana min ciwo ƙwarai, amma ban yi nadama ba, gobe ma in aka kawo wata takardar zan karanta. Hujjarsa ɗaya ce: "Ai Sani na can lafiya lau, da bakinshi yake faɗi."

Yaya, kai ka ba shi wannan hujjar. Duk Juma'a ka kira, ka yi hamdala, ka tambayi shanu. Na san don kada hankalin Inna ya tashi ne. Kai ka riƙa goya ni zuwa makaranta in rafi ya kawo, ban taɓa ɗaga maka murya ba, kuma kewarka nake yi kullum. Amma ranar Litinin Baba zai aika wa Alhaji fasfon Basiru. Juma'ar nan ka gaya wa Baba abin da ka gaya min. In ka sake cewa lafiya lau, ba Alhaji ne ya tura Basiru ba, kai ne.

Allah Ya ƙarfafa zuciyarka, Ya kuɓutar da kai daga hannun da ya riƙe ka, Ya dawo mana da kai Inna tana raye.

Ƙanwarka mai jiran Juma'a,
Hindatu