Rasuwar Anti Lauya da Sunaye Uku da Ba Ta Rubuta Ba

Cikin alhini da karayar zuciya, Ƙungiyar Lauyoyi Masu Bin Kadin Tsararru ta samu labarin rasuwar Shugabar Sashenta na Shari'a, Babbar Lauya, uwa kuma malama gare mu, wadda babba da yaro a ofishin nan ke kira Anti Lauya, da safiyar Litinin bayan gajeriyar jinya. Allah da ya ba mu ita ya karɓi abarsa.

Shekara ashirin da shida marigayiya ta yi tana tunatar da hukumomi abin da suka sa wa hannu da kansu, wato yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa da suka haramta azabtar da mutum, da tsare shi ba shari'a, da ɓatar da shi. Kwafin da take yawo da shi a jaka ya sha salatif har ya ninka kaurinsa. Ba mace ce mai sauƙi ba, kuma ba za mu yi mata ƙarya don ta rasu ba: ta sha dawo mana da takarda sau huɗu saboda kuskuren kwanan wata. Idan jami'i ya ce mata ai wannan dokar ƙasashen waje ce, sai ta buɗe masa shafin ƙarshe ta ce, "Ranka ya daɗe, to wannan hatimin na wa ne?"

Tana da ƙa'ida guda: ba ta rubuta sunan shaida. Tun shekarar da aka kwashe fayiloli daga ofishinmu aka bi shaidu har gida, ta koma riƙe sunaye da adireshi a ka. Mun yaba da dabarar, mun yi ta tinƙaho da ita, babu ɗayanmu da ya taɓa tambayar yadda za a yi ranar da ba ta nan. Wannan sakacinmu ne, kuma mun amsa shi a bainar jama'a.

Yau ga fayil a kan teburinta, na wani mai walda da aka ɗauke daga bakin shagonsa shekara bakwai da suka wuce, har yau ba labari. Mutum uku sun gan shi da rai a tsare, sun kuma amince mata za su ba da shaida. Kwana goma sha takwas suka rage kwamitin ƙasa da ƙasa mai sauraron ƙorafin ya rufe karɓar bayanai. Mun zazzage aljihunan tebur, mun duba bayan kowace takarda. Ba mu san ko su waye ba.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga mai girma maigidanta, da 'ya'yanta biyu, da mahaifiyarta, da ɗaukacin dangi. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya ba su juriyar wannan babban rashi.

Ku kuma bayin Allah uku da kuka amince da ita, mun san ba mu kuka yi wa alkawari ba, amma muna roƙonku ku zo. Ba za mu rubuta sunayenku ba.

Jiya matar mai waldan ta zo mana gaisuwa, ta zauna a bencin da take jiran Anti kowace Laraba. Da za ta tafi ta ce, "Ranku ya daɗe, Laraba mai zuwa in zo?"

Sa hannu:
Kakakin Ƙungiya kuma Sakataren Yaɗa Labarai,
a madadin Shugaba da Kwamitin Amintattu.