Mahaifina Ya Sa Zarto a Sandunana

Mme Moipone, uwarmu mai ba da shawara,

Don Allah ki taimake ni, ki gaya min gaskiya ko ba za ta yi min daɗi ba. Wata huɗu ke nan ban yi wa mahaifina magana ba, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na fara sabawa.

Ni 'yar wasan tsallen sanda ce. Ki sheƙo da gudu riƙe da doguwar sanda, ki kafa ta a rami, ta lanƙwashe ta cilla ki sama ki haye karan da aka gitta. Shekara goma sha huɗu ina wannan abu, yanzu ina da talatin da ɗaya, gwiwata ta hagu ma ta fara ba ni notis. Sandunana biyar ne, na zaren gilashi, kowacce ta haura mita huɗu, kowacce kuma da nauyin jikin da take ɗauka. Ba a aron sanda kamar aron tsintsiya. Shekara shida na yi ina tara su ɗaya bayan ɗaya.

A watan Yuni na samu gurbi a wata gasa a Poland, dama ta ƙarshe kafin a rufe sunayen masu zuwa babbar gasar da na ƙare ƙuruciyata ina nema. Santimita biyar kacal suka rage min in kai tsayin da ake nema. A filin jirgin Bloemfontein aka ce jirgin ƙarami ne, bututun da sandunan ke ciki ba zai shiga ba. Ntate, wato mahaifina, shi ya kawo ni a motarsa ta aiki. Ya ce in wuce kada jirgi ya bar ni, shi zai kai su Johannesburg ya turo. Mai gyaran famfo ne, shekara arba'in yana yi a garinmu Botshabelo, kuma in ya ce zai yi abu to ya gama.

A ofishin tura kaya aka ce masa duk abin da ya wuce mita uku sai ya jira jirgin dakon kaya, sati uku. Ƙasa da haka gobe zai tashi. Gasa saura kwana tara. Bai kira ni ba, bai kira kocina ba. Akwatin aikinsa ya buɗe.

Ana jibi gasa aka kawo min wani gajeren kwali. Na ce wa wanda ya kawo ba nawa ba ne, sai na ga rubutun Ntate a jiki. Mme, guntaye goma! Ya naɗe su a bargon mahaifiyata, ya sa wa kowanne lamba don kada in rikita su, ya goge bakin yankan sumul, ga mahaɗan bututu biyar a leda. Ga kuma takarda: "'Yar baba, kada ki damu, daidai tsakiya na yanka. Gam ne suka hana shi hawa jirgi, ga sunansa nan ki saya a can. Ki bar shi ya kwana ya bushe. Ki ciyo mana." Daidai tsakiya! Wurin da sanda ke lanƙwashewa ta riƙe raina gaba ɗaya.

Wata 'yar Finland ta ara min tata, Allah ya saka mata. Amma ta fi ni tsayi da nauyi, sandar ta ƙi lanƙwasuwa a hannuna. Sau uku ina ture kara a tsayin da nake hayewa tun ina 'yar ashirin. Shi ke nan, aka rufe sunaye.

Mahaifiyata sai cewa take, ai don ke ya yi. Yayana Tumisang kuwa ya samu abin dariya, wai duk Botshabelo Ntate kaɗai ne aikinsa ya je Turai. Ba wanda ya gane abin da ke cina. Shekara goma sha huɗu Ntate bai taɓa zuwa ya ga na yi tsalle ba, ko sau ɗaya. Filin wasan bai kai tafiyar awa ɗaya daga gidanmu ba, amma duk Asabar sai an samu wanda bayan gidansa ya toshe. A gaban kwastomominsa yana alfahari da 'yarsa mai tsalle da bututu. Bututu fa! Da ya zauna minti goma ya ga yadda abin ke lanƙwashewa, da hannunsa bai iya ɗaukar zarton ba. Ni kuma ban taɓa roƙonsa ya zo ba. Uba ai ba sai an roƙe shi ba.

Ina zaune gidan ƙawata yanzu. Duk Lahadi in an taso coci yana kira, ina kallon wayar har ta katse. Makon jiya ya turo saƙo, wai ya haɗa guda ɗaya daga guntayen da na mayar gida, ya rataya mata buhun siminti ko gezau, in zo in gwada. Na yi kuka har na ji haushin kaina. Ina so in ce masa ya daina kirana kwata-kwata. Laifi ne?

Wadda Aka Yanke Wa Hanya, Bloemfontein

Amsa

'Yata,

Kafin komai, kada ki kuskura ki hau sandar nan da aka haɗa da gam. Buhun siminti ba ya gudu, ba ya kuma da wuyan da zai karye.

Fushinki yana kan hanya. An yi miki asarar da ba a mayarwa, kuma kiran waya ɗaya ya isa ya hana ta. Duk mai ce miki ai don ke ya yi, rabin maganar ya faɗa. Tumisang kuma ki ce masa na ce ya kama bakinsa.

Amma ke ma da naki. Kin je filin jirgi da kaya mai mita huɗu ba ki tambayi girman jirgin ba, kika miƙa shi a gurguje ga mutumin da ba ki taɓa bayyana wa mene ne a ciki ba. In kin koma fage, ki nemi amincewar kamfanin jirgi a rubuce tun da sauran wata guda, ki yi wa kayan inshora, ki rubuta lambar kocinki ɓaro-ɓaro a jikin bututun, ki kuma san kulob ɗin da ke da sanda daidai nauyinki a inda za ki.

Mahaifinki ya yi sakaci da bai zo kallonki ba, ba zan wanke shi ba. Sai dai mutumin da ya tuƙa mota har Johannesburg, ya zauna yana sa wa guntaye lamba, ba wanda bai damu da ke ba ne. Saƙon simintin nan ya nuna min har yau bai san abin da ya yi ba. Yana ganin aikinsa ne kike rainawa. Shirunki hukunci ne a kan laifin da bai fahimta ba, kuma ko shekara goma za ki yi ba zai fahimtar da shi ba.

Lahadi ki ɗaga wayar. Ba sai kin ce kin yafe ba. Ki ce masa Asabar ya rufe akwatin aikinsa, ki kai shi fili, ki zaunar da shi kusa da ramin ya ga abokan wasanki suna tsalle. Ki shirya, domin a tsallen farko zai gane, kuma abin zai yi masa ciwo fiye da duk abin da kike da niyyar faɗa masa. Kada ki tashi ki bar shi shi kaɗai a kan bencin nan.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba gwiwar nan lafiya.

Mme Moipone