Layin Zawalin da Ka Tsaga a Saman Bene

Zuwa ga mahaifina, Malam Habu Ladan,

Assalamu alaikum. Ni ne Nasiru, ɗanka, mai digirin farko a kimiyyar lissafi da sakamako mafi daraja, kuma, iyakar sanina, mutum na farko a unguwarmu ta Uwani da ya mallaki madubin hangen taurari. Manufar wannan takarda ita ce janye wata magana. Na san ba za ka karanta ba.

Ka tuna mazaunin ƙarfen nan mai inji da na yo oda daga Onitsha, wanda ke juya madubin sannu a hankali yana bin taurari? Sharaɗinsa ɗaya: ya fuskanci arewa daidai. Ga shi a Enugu tauraron arewa yana can ƙasa, benaye sun tare shi. Wata uku hotunan taurarin da nake ɗauka suna fitowa zane-zane, kamar tonon kaza. Sai ka hawo bene da ciwon gwiwarka, ka nuna min layin da ka tsaga da ƙusa a siminti, inda inuwar sandarka ke kwanciya idan rana ta take tsaka, kafin ka kira azahar. Ka ce in ɗora ƙarfena a kansa. Na amsa maka cewa wannan hasashe ne na gargajiya marar madogara ta ilimi. A gaban Inna na faɗa. Ba ka ce komai ba, ka sauka kana dafa bango.

Baba, bayan rasuwarka da kwana arba'in na gwada. Taurarin Kaza da 'Ya'yanta suka fito a hoto ɗigo-ɗigo, tas. Shekara nawa ka yi kana auna arewa ba tare da ka kira ta da babban suna ba? Me ya hana ni gwadawa kana raye?

Sabon ladan da agogon waya yake aiki. Inna tana lafiya. Ta rataye hoton taurarin a inda carbinka yake. Mai gidan hayarmu zai sake simintin bene, na roƙe shi ya bar min taku biyu inda layinka yake, ya yi dariya ya amince.

Bisa haka, ina neman rubutacciyar amsa kafin ganin jinjirin watan Azumi: ka yafe min? Idan wa'adin ya cika ban ji ba, zan ɗauki shirunka a matsayin yafiya, domin da shiru ka saba yafe min.

Allah Ya haskaka makwancinka.

Ɗalibinka da ya makara,
Nasiru