Kunun da aka ba Bello

Zuwa ga Inna, bayan sallama da gaisuwa irin ta 'ya ga uwa. Allah Ya sa kina cikin rahama.

Akwai maganar da ban taɓa faɗa miki ba, ko da kika riƙa yi mini ba'a wai na zaɓi aikin wanke kashin 'ya'yan mutane. Wallahi kashi da amai ba su taɓa tayar mini da zuciya ba. Abin da ya tayar mini da ita, mutane ne suka yi shi, har da ni.

Shekarar da aka samu 'yancin kai, ina sabuwar nas a ɗakin yara, aka kawo Bello daga Ƙofar Atiku. Watansa biyar, ɗan wani mai sayar da yadi, za a yi masa aikin ƙaba da hantsi. Na yi masa wanka, na auna shi, na sa masa 'yar farar riga. Na gaya wa uwarsa Hadiza da kakarsa ta wajen uba: daga asuba ba nono, ba ruwa, don in an sa masa maganin barci da abinci a ciki, zai shaƙe.

Yaro ya yi ta tsala kuka. Na fita ɗauko takardarsa, na dawo na tarar ya yi lamo. Na tsaya a gaban tsohuwar na tambayi Hadiza ko an ba shi wani abu. Ta sunkuyar da kai. Tsohuwar ce ta amsa: “Ba a ba shi komi ba, ɗiyata.”

Inna, Bello ɗan fari ne. Ni ma 'yar farinki ce, kin rasu ba ki taɓa kiran sunana ba. Wa ya fi ni sanin cewa Hadiza ba za ta buɗe baki a kan ɗanta a gaban surukarta ba? Amma ina ta fama da farar hular nas da girman kai, na rubuta cewa cikinsa babu komai, na miƙa shi ɗakin tiyata.

Kunu ne ya fito masa ta hanci a kan tebur. Likita ya yi iya yinsa. Kafin azahar na naɗe gawarsa a zanen goyonsa.

Da na je gaisuwa, abin da na tarar ya fi komai ba ni ƙyama. Mata sun cika tsakar gida suna yabon Hadiza: “Wagga yarinya akwai kunya, ko hawaye ba ta yi ba.” Tsohuwar na gefe tana jan carbi, wai kwana ne ya ƙare. Tir! Na ji kamar in tofa yawu.

Hadiza ta rako ni zaure. Ba ta dube ni ba, ta ce a hankali: “Ina kallo ta ba shi. Da kin kira ni waje, Malama.”

Taku biyar ne daga gadon Bello zuwa barandar asibiti, Innata. Na yi shekara talatin ina fitar da kakanni waje kafin in tambayi uwa, suna zagina ina jin daɗi, amma ko ɗaya bai dawo wa Hadiza da ɗanta ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa Bello ya ceci uwarsa. Ni kuma Ya yafe mini, don ni ban iya yafe wa kaina ba.

'Yarki,
Asabe