Fiffiken Da Ka Hura Wa Numfashi

Ya kai rabin raina, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, mijina, Mai Jirgina ni kaɗai,

Ina gaishe ka da idon da ya ƙi bushewa. Yaya jikin? Jiya Yayanka ya kawo mini saƙonka, kansa a sunkuye: wai in koma gidanmu in nemi wata rayuwa, tunda ciwon nan ya shanye maka hannun dama, ba ka so ka zame mini kaya. Kaya? Haba! Ni kake aiko wa wannan magana? Wallahi na ji haushinka, sannan na yi kuka har na gode Allah.

Ka manta ranar da ka fara kai ni zauren wasannin makaranta? Kuka kashe fanka, kuka rufe tagogi, ga manya da furfurarsu suna tafiya saɗaf-saɗaf kamar masu satar nama a tukunya, don kada iskar rigarsu ta kaɗa ɗan jirgin saman wasan wani. Dariya ta kusa kashe ni. Sai ka buɗe akwati ka fito da naka, 'yan siraran katako da leda, bai fi gashin kaza nauyi ba. Na riƙe maka, ka murɗa robar da ke juya farfela, ka sake shi. Wayyo masoyi! Ya tashi a hankali kamar mazari a bakin rafi, farfelarsa na juyawa ba gaggawa, yana ta kewayawa ƙarƙashin rufi, ni kuwa na manta da numfashi. Da ya sauko da wuri, ka kai fiffiken bakinka, ka hura masa ɗumi har katakon ya yi laushi, ka ɗan lanƙwasa shi. Na tsokane ka, na ce yau na ga mai yi wa jirgi raɗa. A tashi na biyu sai da wuyana ya gaji da kallon sama.

Tun da ka koma gidan Yaya, ni nake kai shi duk Asabar. Amma lanƙwasar nan tana warwarewa. Fiffiken sai miƙewa yake, jirgin ya daina kewayawa, yakan tafi sak ya daki bango. Na hura, na hura, har jiri ya ɗebe ni, ban san inda ake tsayawa ba. Abokinka tela ya ce in kawo ya gyara, na hana. Ba na son numfashin kowa a kansa. Ina kallo naka yana fita daga jikinsa kaɗan-kaɗan, ba yadda zan yi. Wa zan kai wa wannan kuka in ba kai ba?

Likita bai ɓoye mini ba, hannun ba lallai ya dawo ba. Na ji, na karɓa. To hannu na aura? Ina da biyu, kuma sun ishe mu. Ni zan riƙe, ni zan lanƙwasa, kai dai ka hura, ka ce mini ya isa haka.

Ko cokali ban ɗauka daga ɗakinmu ba, kuma ba zan ɗauka ba. Gobe zan zo ƙofar gidan Yaya in zauna. In da gaske kake sai na tafi, kada ka sake aiko kowa. Fito da kanka, ka dubi idona, ka faɗa in ji.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da nawa numfashin zai ƙare,

Matarka.