Irin Geron Baba a Kwatano

Talata, 14 Mayu 2024
Mun iso Kwatano. Kwana biyu daga Konni, ga kwale-kwale a Gaya, ga wata motar kuma. Ƙafata mai ciwo ta kumbura har takalmi ya ƙi fita. Ɗana Mustapha ya nuna mini teku daga mota. Ruwa iya ganin ido, kuma ko akuya ba ta sha. Iskar garin kamar an yafa maka jiƙaƙƙen zane.

Alhamis, 16 Mayu
Gidan Mustapha bene ne, hawa na uku. Likita ya ce kwana goma. To, kwana goma na iya.
Abin da ban gaya wa kowa ba: irin geron Baba yana cikin jakata, tiya biyu. Tun kakanmu shi ake shukawa a gonarmu ta Bazaga, duk garin ba mai shi sai ni. Ban bar shi gida ba saboda ƙanena Labbo. Bara ya buɗe rumbuna ya ɗiba ba sallama, na ce da shi ɓarawo a gaban matarsa. Tun ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Makullin rumbun ma na ɓoye.

Litinin, 20 Mayu
An yi aikin ƙafa. Kwana goma sun koma sati shida. Ba sauka matakala.

Lahadi, 26 Mayu
Kullum ruwa. Da na ji shi a kan kwano sai in zabura neman sungumi, sai in tuna inda nake. Ruwan shuka na zuba kan siminti, ni ina kallo ta bayan ƙarfen taga. Shekara talatin ina koyarwa a lakwal, ban taɓa tausayin wanda na hana fita hutu ba sai yau. Mustapha ya ce, "Baba, ka huta mana." Hutun me?

Juma'a, 31 Mayu
Hulata ta yi fumfuna. Ko sallar Juma'a ban samu ba.

Asabar, 8 Yuni
Matata Hafsatu ta bugo waya tana murna: "Malam, ruwa sun sauka, kowa ya hita gona. Ina ka aje iri?" Na ce layi ba kyau.
Na jawo jaka na kwance buhun. Wari ya fara tarbata. Ya dunƙule, ya yi baƙi, na ƙasan har ya tsiro ya ruɓe. A gida sai ya shekara uku lafiya lau. Ban san iska na jiƙa hatsi ba. Na zauna tsinta ɗaya-ɗaya har la'asar, abin da na samu bai cika tafin hannu ba.
Ɓarawon da na gudar wa bai kashe irin Baba ba. Ni na kashe shi. Na yi kuka, Mustapha yana buro, wurin aikinsa.

Litinin, 10 Yuni
Labbo ya kira sau uku. Ban ɗauka ba.

Laraba, 12 Yuni
Na ɗauka. Na shirya faɗin gaskiya, ya riga ni magana.
"Yaya, gonakka an gama shibka tun jiya."
Na ce da me?
"Da wanda kac ce na sata. Shibka shi niy yi bayan gida, na samu dame huɗu. Na Baba na, ba a aje shi wuri guda."
Na ce ina fata bai zurfafa rami ba, don ya saba. Ya yi dariya, ya tambayi ƙafa.
Ban ce na gode ba, bai zo a bakina ba. Na dai gaya masa makullin rumbu na ƙarƙashin tulun zaure, ko zai buƙaci wani abu. Saura sati uku.